GYARAN GIDA: Murhu Mai Baki Biyu Da Hayaƙin Da Ya Ƙi Bin Bututu

  Wannan watan madafa za mu shiga, amma ba tukunya za mu ɗora ba. Wasiƙa ce ta zo mini daga wata 'yar'uwa a Zuru ta Jihar Kebbi, na ga in na amsa mata ita kaɗai na tauye sauranku, domin abin da ke damun ta yana damun gidaje da yawa, ko da murhunsu bai yi kama da nata ba. Ga abin da ta ce, na ɗan taƙaita:

"Anti, bara maigidanmu ya sa magini ya gina mana murhun ƙasa wanda ya ratsa bangon madafa. Ramin wutar ɗaya ne amma bakinsa biyu, ɗaya cikin madafa ɗaya a tsakar gida, kowane ɓangare da mazaunin tukunyarsa. A na ciki muke girkin yau da kullum, na waje kuma muna dafa ruwan wanka da turara shinkafa da dahuwar kalwa. An sa masa bututun ƙarfe mai inci 4 ya fita ta saman kwano. Tun da aka gina shi hayaƙin bai taɓa bin bututun yadda ya kamata ba. Wata rana ya cika madafa har ba na ganin tukunya, wata rana ya fita tsakar gida ya shige ɗakin abokiyar zamana. Ina goyon ɗan wata biyar, tari ba ya barin sa. Magini ya ce iccen ne ba kyau, maigida ya ce haka murhu yake, mu yi haƙuri. Anti, mu rushe shi ne ko yaya za mu yi?"

Kada ku rushe shi, 'yar'uwa. Murhun nan yana gyaruwa, kuma rabin gyaran ba ya cin ko kwabo. Maganar magini akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, za mu zo kanta. Maganar maigida kuwa, Allah ya ƙara masa girma, ita ce ban yarda da ita ba. Mu mata an raine mu a kan cewa hawayen hayaƙi wani ɓangare ne na girki, har in amarya ta fito daga madafa idonta jawur sai a ce ta iya aiki. Alhali hayaƙi itace ne da wuta ba ta gama cinyewa ba. Duk wanda kika ga yana turnuƙewa, kuɗin maigida ne ke tashi sama bai dafa komai ba, kuma kafin ya fita sai ya bi ta huhunki da na wanda ke bayanki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai, hayaƙin girki da na ɗumama ɗaki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ta kuma ce kusan rabin ƙananan yaran da ciwon huhu, wato namoniya, yake kashewa, hayaƙin gida ne sila. Ga manya akwai tarin da ba ya jin magani, da ciwon zuciya, da yanar ido, ga mai ciki kuma haihuwar jariri maras nauyi. Wannan shafi ki ajiye shi ki nuna wa maigida a lokacin da ya ci ya ƙoshi, hankalinsa kwance. Kuma maganar ta ƙara zama dole tun 2023, lokacin da aka cire tallafin man fetur kaya suka yi tashin gwauron zabi, gidaje da dama da suka saba da gas ko risho suka koma wa itace da gawayi.

Bari mu fara da yadda bututu yake aiki, domin in kin gane wannan, ke da kanki za ki riƙa gano laifin kowane murhu. Iska in ta yi zafi nauyinta raguwa yake, sai ta nemi sama. Idan bututu ya cika da iska mai zafi, tana hawa tana barin gurbi a ƙasa, sai sabuwar iska ta shigo ta bakin murhu ta cike gurbin, ta ratsa wutar ta hura ta, ita ma ta bi sahu. Wannan shi ne jan da bututu yake yi. Ƙarfin jan ya dogara ga tsawon bututun da kuma yadda cikinsa ya fi waje zafi. Sai dai ja ne mai rauni ƙwarai, 'yar iskar da za ta kaɗa miki gyale ta fi shi ƙarfi. Ki tuna yaro yana zuƙar lemo da tsinken roba. In tsinken ya huje a gefe, sai ya yi ta zuƙa kumatu na lotsawa, lemo bai hau ba. To murhunki tsinke ne mai huji, kuma hujin nasa ya kai girman taga.

Iska ta shigo ta bakin tsakar gida, sai ta tarar da hanya biyu a gabanta. Ɗaya 'yar ƙuntatacciya mai inci 4, wadda sai ta yi kwana ta hau sama. Ɗaya kuma wangamemiyar ƙofa a miƙe, ta faɗa cikin madafa. Wacce za ta bi? Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, da damina kuma ta juya ta taho daga kudu maso yamma, ga iskar hadari wadda galibi daga gabas take tasowa. Ko a wuni ɗaya ma tana sauyawa, kuma buɗe ƙofar madafa ko rufe ta kaɗai ya isa ya juya hayaƙin. Shi ya sa yau ke ce da jan ido, gobe abokiyar zamanki. Na san gidajen da irin wannan ya zama tsegumi, ɗaya tana ganin da gayya ake turo mata hayaƙi, alhali babu hannun kowa a ciki sai iska. Haka abin yake ga duk mai murhun ƙasa ko na rabin durom da aka huda gaba da baya aka sa masa bututu.

Kafin ki kira kowa, ki yi gwaji da safe murhu na sanyi. Ki ɗora tukwane a mazauninsu biyun, ki toshe bakin waje da murfin durom ko wani faranti, ki liƙe gefensa da jiƙaƙƙen tsumma. Ki murɗa takarda ki kunna, ki riƙe ta daidai ƙarƙashin bututun na minti ɗaya ko biyu don ya ɗau ɗumi. Sannan ki kunna turaren tsinke ki riƙe a bakin ciki, ki kalli zaren hayaƙinsa. In ya sunkuya ya shige cikin murhun, bututun yana ja. Yanzu ki sa a ɗauke murfin waje ki ga yadda zaren zai rikice ya dawo miki fuska. Wannan gwaji a gaban maigida ya kamata ki yi shi, ya fi dogon bayani. In kuwa an toshe an ɗumama amma hayaƙin turaren ya ƙi shiga, to bututun ya toshe ko ya yi ƙanƙanta.

Don haka gyara na farko, wanda ya fi kowanne girma, shi ne a yi wa murhun murfi, a riƙa amfani da baki ɗaya a lokaci ɗaya. Mai walda zai yanko miki farantin ƙarfe mai kauri wanda ya ɗan fi bakin faɗi, ya sa masa mariƙi. In ba hali, ƙasar Zuru ba ta rasa duwatsu ba, a samo shimfiɗaɗɗen dutse, amma ban da wanda aka tsamo daga rafi, don dutse mai ruwa a ciki yakan fashe in ya sha wuta. Matan Lelna, waɗanda muke kira Dakarkari, an daɗe da sanin su da ginin tukwane, mai wannan sana'a za ta iya gina miki murfin yumɓu ta gasa shi daidai bakin. Ko wanne kika samu, ki kwaɓa laka da toka ki shafe gefen, domin murfin da bai zauna ba rabin murfi ne. Na ƙarfe yana ɗaukar zafi sosai, in yana ɓangaren tsakar gida a kula da masu rarrafe.

A nan zan ɗan yaba wa magininku, domin murhu mai baki biyu yana da wata fa'ida da mai baki ɗaya ba shi da ita. Duk ranar da ba a ruwa, ki rufe bakin ciki ruf, a riƙa iza wutar ta tsakar gida, ke kuma kina tuƙa tuwonki a ciki. Wuta na waje, tukunya na ciki, madafa babu hayaƙi. Zagayawar da za ki riƙa yi don gyara itace ita ce wahalar, amma babbar 'yarki za ta iya ɗauke miki. Sai ranar ruwa ki buɗe na ciki ki rufe na waje.

Mazaunin tukunya shi ma baki ne, kuma shi aka fi mantawa. In kika bar ɗaya a buɗe, hayaƙi ba zai je neman bututu ba, ta nan zai fito. Wanda ba a girki a kansa a ɗora masa tsohuwar tukunya cike da ruwa, ga murfi ga ruwan alwala da na wankan yara a kyauta. In akwai tazara tsakanin tukunya da mazauninta, ki shafa sabuwar laka a gefen, ki jiƙa gindin tukunyar ki danna ki ɗan juya ta, sai ki cire ki bar shi ya bushe. Zai ɗauki siffarta daidai. Ƙaramar tukunya kuma a yi mata zoben ƙarfe ta zauna a kai.

Yanzu ga ɗan lissafi, ki yi haƙuri da ni, ko ki kira ɗan makarantar gidan ya zo da biro. Masu gina murhun ɗumama ɗaki a ƙasashen sanyi suna da ƙa'ida cewa faɗin ramin bututu ya kai kamar kashi ɗaya cikin goma na faɗin bakin murhu, kuma in baki biyu ne, a haɗa su duka a lissafa. Mu ɗauka kowane baki naki ƙafa ɗaya da rabi ne tsaye da kwance, wato inci 18 sau 18, ya ba da 324. Biyu sun zama 648. Kashi ɗaya cikin goma shi ne kusan 65. Ramin bututu mai inci 4 kuwa 12 da rabi ne kacal. Kin ga an ba jaki kayan raƙumi. Kafin a kusanci 65 sai bututu mai inci 9. Amma in kin rufe baki ɗaya, kika kuma rage ɗayan da bulo da laka ya koma inci 12 sau 12, ya zama 144, abin da yake bukata 14 da 'yan kai ne. Naku mai inci 4 ya kusa, mai inci 5 ya wadatar, mai inci 6 wanda raminsa ya kai 28 ya fi kwanciyar hankali, musamman da yake bututunmu gajeru ne kuma garinmu ba sanyin Turai gare shi ba, jan ya fi rauni. Ki lura, in aka ninka faɗin bututu sau biyu, abin da yake ɗauka ninkuwa yake sau huɗu, don haka ƙarin inci biyu ba ƙaramin abu ba ne.

In za a rage bakin, daga sama za a rage, domin ta leɓen sama hayaƙi ke zubowa. Kafin a sa laka, ki gwada da faranti, ki riƙa sauke shi a hankali daga sama wuta na ci har ki ga inda hayaƙin ya daina fitowa, ki yi alama da gawayi. Wannan dabara ta rage baki tsohuwa ce. A shekarar 1796 wani masani da ake kira Rumford ya wallafa bayani a kanta, bayan ya gyara murhunan gidaje masu yawa a birnin Landan, kuma babban abin da ya yi shi ne ƙara bulo ya rage zurfin murhun ya matse maƙogwaronsa. Maginanmu suna son barin baki wangame don a tura gungume, a ganinsu alheri suka yi wa uwargida.

Sai tsawo. Ƙa'idar ita ce kan bututu ya ɗara inda ya huda rufi da ƙafa 3 aƙalla, ya kuma ɗara duk wani abu da ke kusa da shi cikin tazarar ƙafa 10 da ƙafa 2, ko tsinin rufi ne ko katanga. Dalili kuwa, iska in ta haura abu mai tsawo sai ta faɗo ta bayansa, in bututu yana wurin sai ta danna hayaƙin ƙasa. Ƙasarku ta tuddai ce, gidan da ke gindin dutse, ko wanda mangwaro ko darbejiya ta yi wa rumfa, ya fi fama da wannan. Alamarsa ita ce wuta na ci lafiya, sai iska ta buso kawai ki ga hayaƙi ya yi tsalle ya fito buf, sannan ya koma. In haka ne a ƙara gaɓa ɗaya a ɗaure da waya a gwada kwana biyu. A sa masa hula saboda ruwan sama, amma a ɗaga ta, tazararta da bakin bututun ta kai faɗin bututun, domin hular da aka kifa ƙasa-ƙasa toshewa ce. Kowace kwana da aka yi wa bututu tana rage masa ja, saboda haka a miƙe ya fi.

Abu biyu ba na wasa da su a nan. Bututun roba na ruwa ba ya shiga wannan aiki ko da a can sama ne, narkewa yake kuma hayaƙinsa guba ne. Sannan bututun ƙarfe ya nisanci katakon rufi da jinka da ƙafa ɗaya da rabi. Mai madafar jinka gara ta fitar da shi ta bangon ƙasa ya hau ta waje, a kuma sa ya ɗara jinkar sosai. Bututun da aka gina da bulo ko gaɓoɓin yumɓu ya fi na ƙarfe riƙe zafi, don haka ya fi ja in ya ɗumama, kuma ba ya tsatsa.

Wani kuskure da ke zuwa da hunturu shi ne rufe madafa ruf saboda sanyi da ƙura, a cusa tsumma a taga, a ja ƙofa. Bututu ba zai fitar da iska ba sai an ba shi wata a madadinta. In ɗaki a rufe yake, sai jan ya mutu, wutar ta yi ta cin rai tana turnuƙa. Ki gwada, ki buɗe ƙofa kamar faɗin tafin hannu ki ga yadda harshen wutar zai miƙe. In hakan ya yi magani, a huda bango daga ƙasa kusa da murhu, kamar girman bulo ɗaya, a sa raga saboda ɓera da maciji. Haka nan a ƙasan itacen ma iska take son shiga. Mai walda ya jera miki guntayen rodi huɗu ko biyar a ɗora itace a kai, toka ta riƙa zuba ƙasa, a kwashe ta kullum da safe. Kuma kowace safiya, musamman da sanyi, ki fara ɗumama bututun da takarda ko kara kamar yadda kika yi a gwaji, kafin ki jera itace. Hayaƙin farkon hura wuta shi ne mafi yawa, a wannan lokaci goyo ya kasance a hannun wani, can nesa.

To mu dawo ga maganar magini. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma ba ya ci da kyau sai ruwan ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Kafin nan wutar tana ɓata ƙarfinta wajen dafa ruwan da ke cikinsa, hayaƙin ya fito da sanyi da nauyi, ya kasa hawa. Za ki gane shi da kukan da yake yi a wuta da kumfar da ke fita ta gindinsa. Busasshe kuwa bakinsa a tsattsage yake, ba nauyi, in kika gwara biyu sai su yi ƙara ƙwal. Zuru ta fi Birnin Kebbi da Argungu samun ruwan sama, damina tana daɗewa, saboda haka itacen damina tun watan Maris ko Afrilu ake tanadinsa. A faskara shi, a jera a kan duwatsu kada ya taɓa ƙasa, a rufe samansa kawai a bar gefe iska na ratsawa. Wanda aka lulluɓe da leda har ƙasa gumi yake yi. Na gobe kuma a jingine shi a gefen murhu yau, ba a kai ba. Sanda uku ko huɗu sirara, ana tura su a hankali bakinsu kaɗai na ci, sun fi gungume ɗaya wuta, sun fi shi ƙarancin hayaƙi. Marke da ƙirya suna da garwashi mai kyau. Kaɗanya da ɗorawa kuwa ina roƙon a bar mana su a tsaye, su ne man kaɗe da daddawar da mata ke rufa wa kansu asiri da su. Ga shi a 'yan shekarun nan shiga daji neman itace ya zama abin tsoro a sassan Danko-Wasagu da Sakaba saboda 'yan bindiga, duk sandar da murhu ya rage ci riba ce.

Kuma don Allah a daina hura wuta da leda da tsohon silifas da guntun taya. Na san suna kamawa da wuri, musamman da damina, amma abin da ke fita daga cikinsu ya fi hayaƙin itace illa nesa ba kusa ba, kuma shi ke liƙe cikin bututu. Busasshen kara da totuwar masara da ɓawon gyaɗa sun isa, a ajiye su cikin buhu inda ruwa ba ya taɓawa.

Bututu yana son shara kamar tsakar gida. Kunkunniya tana taruwa a cikinsa, mai inci 4 ba ya jimawa ya cushe, kuma in ta yi kauri tana iya kamawa da wuta a cikin bututun kansa. Duk mako a ƙwanƙwasa shi da sanda murhu na sanyi, duk wata a ɗaura tsumma da ɗan dutse a igiya a zura daga sama a ja sau uku ko huɗu. In an yi tafiya an bar murhu kwanaki, a leƙa kafin a hura, zanzaro da tsuntsu suna son irin wannan wuri.

Idan lallai kuna bukatar wuta biyu a lokaci ɗaya, kamar ranar suna ko lokacin turara shinkafa, to magini ya gina bango a tsakiyar ramin ya raba shi biyu, kowane ɓangare da bututunsa. Kada a yarda ya ce su haɗa bututu ɗaya, domin ranar da aka hura ɗaya aka bar ɗaya, hayaƙin wannan zai sauko ta wancan.

Kada kuma mu ɗauka bututu ya kashe hayaƙi, matsar da shi kawai ya yi. A ƙasar Gwatamala an yi wani bincike tsakanin 2002 da 2004 a gidaje 534, aka gina wa rabinsu murhu mai bututu, rabi suka ci gaba da wuta a fili, aka fitar da sakamakon a 2011. Gurɓatar iskar madafa ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100, amma abin da yaran suke shaƙa rabi kawai ya ragu, domin yaro ba a madafa kaɗai yake wuni ba, hayaƙin da aka fitar yana nan a tsakar gida da maƙwabta. Duk da haka namoniya mai tsanani ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kin ga dalilin da na dage a kan tsawon bututu da busasshen itace tare. Maƙwabtanmu na Nijar tun shekarun 1980 suke yaɗa murhun ƙarfe da suka sa wa suna Mai Sauƙi da na laka mai suna Albarka, don rage cin itace. Tun da Kwalejin Aikin Gona ta Zuru ta zama jami'ar tarayya a 2020, ina ganin wannan aiki ne da ya dace ɗalibanta su ɗauka su shiga da shi unguwanni.

Mai murhun duwatsu uku wadda ba ta da bututu, ke ma da abin yi. In ba ruwa ki yi girki a waje ko a rumfa, ki zauna iska na bugun bayanki. In a ɗaki ne, a huda bango can sama daidai kan murhun, a bar ƙofa a buɗe.

Sai kaskon wuta na ɗaki, tunda sanyi ya ƙarato. Da yawa muna jira gawayi ya gama hayaƙi ya zama garwashi jawur, sai mu shigar da shi ɗaki mu kulle mu kwanta, muna ganin tunda ba hayaƙi ba illa. Garwashin nan yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda janareta ke fitarwa. Tana kama jini fiye da iskar numfashi sau ɗari biyu da wani abu, sai ta hana shi ɗaukar ta. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, kuma sai ka ga mutanen ɗaki ɗaya duk sun kamu tare, in an fita waje a ji sauƙi. Sau da yawa akan ce abinci ne ko iskokai. Mai barci kuwa ba ya jin alamar, wucewa yake. In an tarar da haka a buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa, a tafi asibiti ko da sun farfaɗo. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa Al-Ash'ari (RA) cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, da aka ba Manzon Allah (SAW) labari sai ya siffanta wuta da abokiyar gaba, ya yi umarni a riƙa kashe ta in za a kwanta. A ɗumama ɗaki da kasko taga a buɗe, a fitar da shi kafin barci, a ƙara bargo.

Game da ɗanki mai tari, kada ki jira gyaran murhu. Yana kwance shiru ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Ga ɗan wata 2 zuwa 11 irin naki, sau 50 ko fiye ya yi yawa. Ga wanda bai kai wata 2 ba sau 60 ne, ga ɗan shekara 1 zuwa 5 kuma sau 40. In ya kai haka, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja numfashi, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya saki, a ranar za ki kai shi babban asibitin Zuru ko asibitin da ya fi kusa da ku, ba kantin magani ba. Ko ba ko ɗaya daga cikin waɗannan, tarin da ya wuce mako biyu a jikin jariri likita ya kamata ya gani, kuma ki gaya masa yaron yana shan hayaƙin madafa.

Wata mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba wutar da ake hura wa mai jego a ƙarƙashin gadon ƙasa.